Baƙar Ledar da Na Naɗe Waya da Ita

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cigiyar takalmansu, ku yi haƙuri, hannun da zai ɗinka su ne ya kwanta asibiti.

Kun san ni baduku ne. Da hannun daman nan nake ciyar da mutum shida.

Abin ya samo asali ne shekara biyu baya, da za mu tare a gidanmu na Gidan Dare. Mai wayarin da na ɗauko ya ce kowane ƙwan lantarki sai an sa masa ɗan akwatin roba a cikin silin, a ɗaure wayoyin da kanekta, a rufe su a ciki. Na ga kamar jan aiki yake. Na sallame shi, na ce mai ɗinka fata ba zai kasa haɗa waya biyu ba. Na murɗe su da filaya. Da tef ya ƙare na yagi baƙar leda na naɗe, na cusa cikin silin na ɗaura holda. Ɗaki biyar na yi wa haka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Da bazarar bana ƙwan falo ya fara ƙiftawa. Sai wani siririn zuuu a sama, kamar zuma ta maƙale. Sai baƙin tabo ya zagaye holdar, kullum yana ƙara faɗi.

Maiɗakina Asabe ta ce, “Malam, wanga wuri shina warin ƙuna hwa.”

Na ce girkin maƙwabta ne.

Kun san zafin Sakkwato tsakanin kwano da silin. Ledar nan ta daɗe da narkewa, ni ina ƙasa ina shan fanka.

Ranar wata Talata aka ɗauke wuta tun safe. Na yi alwalar la’asar, na ga da saura kafin a tada salla, na ce bari in duba. Na hau kujerar ƙarfe, ba takalmi, hannu da danshi. Ban cire fiyus ba. Wa ke cire fiyus alhali babu wuta? Na kwance holda, na zura hannu cikin ramin, na damƙi wayar.

Abin da na ji na ƙarshe shi ne ihun unguwa: an kawo wuta.

Hannuna ya ƙi sakin wayar. Asabe ce ta doke kujerar da taɓarya na faɗo.

Da na farfaɗo, ɗan farin tabo ne kawai a tafin hannuna. Na shafa zuma, na ce ba sai an je asibiti ba. Kwana biyu, hannu ya kumbura har gwiwa, fitsarina ya koma kalar shayi, yatsu biyu sun fara baƙi. Yayana ya zo ya gani, bai ko zauna ba.

Ya ce, “Mi kake jira? Tashi mu tahi.”

Aka yi gwajin zuciya, aka ɗebi jini, aka sa min robar fitsari da ƙarin ruwa leda bayan leda don kada ƙoda ta tsaya. Likita ta ce, “Lantarki daga ciki yake dafa nama. Abin da kake gani a waje kaɗan ne.”

Sai ta ciro biro ta ja layi a bayan hannuna. Ta ce in baƙin ya tsallake layin nan, daga wuyan hannu za a yanke.

Wallahi na ji tsoro. Kwana tara, kowace safiya in za a wanke ciwon, ba zafin nake ji ba, layin nake kallo. Rana ta huɗu saura kamar faɗin ƙwayar shinkafa baƙin ya taɓa layin. Na juya fuska bango na yi kuka, ina lissafin wa zai ba baduku mai dungu aiki. Babur ɗina ya tafi a magani, ban ko tambayi nawa aka saye shi ba.

A kan gadon nan na faɗa wa Yaya cewa sauran ɗakunan ma haka na yi. Ya kira mai wayarin da na kora. Da ya buɗe silin, ashe ledar da ke saman katifar yarana ta ƙone ƙurmus, katakon gefenta ya zama gawayi.

Baƙin ya tsaya bai taɓa layin ba. Aka shiga da ni tiyata, aka cire ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Yaya, da Asabe da taɓaryarta.

Jama’a, duk haɗin waya a rufe shi cikin akwatinsa, kuma mai sana’ar ya yi. Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne, a cire fiyus a gwada da testa. Kun ji wari ko kun ga tabo a silin, ku kashe layin nan take. Wanda lantarki ya ja, a kai shi asibiti ranar, ko tabon bai kai kwabo ba.

Jiya na riƙe basilla, sau uku tana faɗuwa. Takalmanku na nan tafe, sai dai ku ƙara haƙuri, ɗinkin yatsa uku ne yanzu.