Gaiwar da Na Kai Makaranta

Shekarata ta farko da fara koyarwa a Sakajiki, lokacin muna Jihar Sakkwato, hedimasta ya ba ni yaran da hannunsu bai kai kunne ba. Ba a rubuta su a rajista ba. Yayyensu suke biyowa, sai a tara su a gindin tsamiya.

Wata rana na nuna musu hoto a littafi: wata dabbar ƙasar Turai tana barci a kogo har sanyi ya wuce. Wata yarinya mai giɓi ta ce, "Malam, ƙarya ta. Yunwa ba ta tashe ta?"

Na ce ai mu ma muna da irinta. Na je wurin wani masunci, ya haƙo mini dunƙulen busasshiyar laka daga fadama, da ɗan rami a samansa. Ya ce gaiwa na ciki, tun janyewar ruwa take kwance. Na tambaye shi ko tana da rai. Ya ce, "Wannan sai Allah."

Na ajiye dunƙulen a gabansu na ce kifi ne yake barci, ranar Alhamis za mu tashe shi. Da na faɗa na yi nadama. In gaiwar ba ta motsa ba, ba za su ƙara yarda da maganata ba, kuma kowane gida zai ji.

Kwana uku suna magana da raɗa, kada su tashe ta. Wanda ya yi tari, sai a harare shi. Har hedimasta ya leƙo ya ce, "Malam, dukansu kake yi?"

Ranar Alhamis na sa dunƙulen a daro, na zuba ruwan rijiya. Laka ta jiƙe, ta narke. Shiru. Hantsi ya yi, aka fita hutun tara aka dawo, shiru. Mai giɓi ta dube ni ta ce, "Ta mutu, ko?" Na ce a ƙara haƙuri.

Ana gab da tashi sai kumfa ta taso, sannan wani baƙin abu mai santsi ya miƙe a hankali, ya kaɗa jela. Rabinsu suka watse da ihu. Mai giɓi ba ta gudu ba. Ta durƙusa a bakin daron, ta sunkuyar da kai ta ce wa gaiwar, "Inna, an tashi lahiya?"