Nobori Mai Ɗaure Jirage a Naze

Shekara talatin da huɗu Nobori Tetsuro ya yi yana ɗaure jiragen ruwa a tashar Naze, a tsibirin Amami. Aikin ba shi da wuyar faɗa. Jirgi ya matso, ma'aikatansa su wurgo siririyar igiya mai dunƙule a baki, ka cafe, ku yi ta ja har babbar ta biyo baya, wadda kaurinta ya kai damtsen ƙato, sai ku rataya ta a turken ƙarfe. In jirgi zai tashi ku kwance. Amma duk girman jirgi, ko da hawa goma sha biyu gare shi, ba fasinjan da zai taka ƙasa sai Nobori da abokan aikinsa sun ɗaga hannu.

A wani ƙauye na bayan duwatsu aka haife shi. Ubansa noman rake yake yi, in an gama sara ya koma kamun kifi. Su biyu ne wajen iyayensu, shi da yayarsa Tokiko, wadda ta ba shi shekara bakwai. Ita ta goya shi, ita ta koya masa iyo, ita kuma ta fi kowa dukansa. Tana cika sha biyar aka kwashe ta tare da 'yan matan ƙauyen zuwa wata masaƙa a birnin Amagasaki, can ƙetaren teku. A can ta yi aure, ta haihu, ta tsufa. Sau biyu kacal ta dawo gida, ran da ubansu ya rasu da ran da uwarsu ta bi shi, kuma na biyun ma an shekara sha tara.

Shi Nobori bai je ko'ina ba. Ya gwada rake, ya ga ba zai iya ba. Ya yi ɗan aikin gini, sannan wani kawunsa ya sama masa gurbi a tasha. A shekararsa ta shida a aikin, wata rana teku na toroƙo, wani jirgin kaya ya yi baya ba zato, igiya ta tsinke ta tafi masa da yatsu biyu na hannun hagu. Wata uku ya koma bakin aiki. Tun daga nan ya daina kallon sama in yana son sanin yadda rana za ta kasance, sai ya leƙa gindin katangar tasha ya ga yadda ruwa ke hawa da sauka.

Da manyan jiragen yawon shaƙatawa suka fara zuwa Naze, garin ya sami sabuwar hidima. Ran da jirgi zai zo, motocin safa sun yi layi tun da safe, masu sayar da mazarƙwaila da yadin saƙa sun kafa rumfuna, tsofaffin matan unguwa sun sha ado da gangunansu don rawar maraba. Sai dai daga Yuli zuwa Oktoba ba mai rantsuwa a kan zuwan jirgi. Guguwa na tasowa daga kudu sai kyaftin ya sauya hanya. Wani ya zo da kwana ɗaya kafin ranarsa, wani ya yanke zaman yini ya koma awa uku, wani kuwa sai dai a ji ya nufi wata ƙasa. Mutanen Naze sun saba. In an ce jirgi ya fasa, sai a naɗe tutoci a koma gida.

A shekarar da Nobori ya cika sittin da uku, Tokiko ta bugo waya. Likita ya hana ta hawa jirgin sama saboda kunnenta, jirgin fito na kullum kuma ta ce ba za ta iya kwanciya a ƙasa cikin jama'a da waɗannan gwiwoyin ba. Sai 'yarta ta samo musu wuri su biyu a jirgin yawo mai gado da likita, wanda zai tsaya a Naze awa bakwai, ran sha ɗaya ga Oktoba.

"Oktoba, Nesan?" in ji Nobori, don haka yake kiranta tun yana yaro. "Duk watannin shekara ba ki ga na zaɓa ba sai na guguwa?"

"Kai dai ka wanke wuyanka ka zo ka tare ni," in ji ta. "Kuma ka gaya wa Misao ina son keihan na gaske, shinkafarmu da romon kaza, ba irin ruwan wanke kwanon da suke sayarwa a nan ba."

Misao, matar Nobori, ta ɗauki maganar da gaske. Ta sa aka yanka kaji huɗu, ta jiƙa gwandar tsami, ta yanyanka ɓawon lemo sirara, ta soya ƙwai ta yanka kamar zare. An gayyaci dangi mutum ashirin. Nobori ya je ya share kaburburan iyayensu, ya auna da agogo ya ga zuwa da dawowa awa biyu ne da rabi a mota, saura ya isa ci da hira.

Ana saura kwana uku aka ba da labarin guguwa. Ba tsibirin ta nufo ba, ta yi yamma ta bi ta tsakiyar teku, nesa ƙwarai. Misao ta yi ajiyar zuciya a gaban talabijin. Nobori kuwa bai saki jiki ba, don ya san bakin tashar Naze arewa yake kallo, kuma guguwar da ta wuce ta can takan aiko da saƙonta daga baya.

Ran sha ɗaya gari ya waye tas, rana ta fito, iska kaɗan. Ƙarfe bakwai ya isa tasha ya tarar da Ikari, abokin aikinsa na shekara ashirin, yana tsugune yana shan shayin gwangwani.

"Ango ya iso!" in ji Ikari. "Har da aski? Yau dai yayarka za ta ga tsohon da ta bari."

"Rufe mana baki. Ka leƙa ƙasa?"

"Na leƙa."

Suka leƙa tare. Ruwan ba kumfa, ba hayaniya, amma yana tasowa a hankali har ya kusa taɓa tayoyin da ke jikin katanga, sannan ya ja da baya ya sauka fiye da tsayin mutum. Nobori ya ƙirga a zuci tsakanin tasowa da tasowa. Goma sha huɗu, alamar dogon toroƙo mai wuyar ɗaure jirgi. Ya miƙe ya sa safar hannunsa.

Takwas da rabi jirgin ya bayyana a bakin mashiga, fari sol, ya tsere wa duk ginin da ke garin. Matan rawa suka fara kiɗa. Ƙananan jirage biyu masu turawa suka fita suka tare shi, ɗaya a goshi ɗaya a baya. Ya taho a hankali har Nobori na iya ganin fasinjoji jere a baranda kamar tsuntsaye a kan waya. Saura kamar taku sittin, sai wani dogon toroƙo ya shigo ya ɗaga gindin jirgin ya karkatar da shi. Masu turawa suka yi ta gurnani, hayaƙi ya turnuƙe. Jirgin ya ja da baya.

"Zai sake gwadawa," in ji shugabansu ta oba-oba. "Kowa ya tsaya a turkensa."

Karo na biyu ya fi matsowa. Wani ma'aikaci ya wurgo siririyar igiya, ta faɗo daidai ƙafar Nobori, ya cafe. Shi da Ikari suka fara ja. Babbar igiyar ta fito daga hancin jirgi, ta taɓa ruwa, ta taho. Nan Nobori ya ji abin a tafin hannunsa: igiyar ta saki gaba ɗaya, can kuma ta ɗaure tamau har tana ɗiga ruwa. Jirgin na gaba da baya ne da kusan taku huɗu. In aka rataya ta a haka, ko ta tsinke ta share duk wanda ke tsaye a wurin, ko kuma a kafa tsani ya riƙa zamewa a ƙarƙashin tsofaffi ɗari bakwai.

Ikari ya dube shi. "Nobori-san, ya ka gani?"

"Ba za ta yi ba."

"Yayarka fa tana ciki."

"Shi ya sa."

Ya danna oba-oba ya faɗa wa shugaba abin da hannunsa ya ji. Bai san ko maganarsa ta kai sama ba, ko kuwa kyaftin ya riga ya yanke shawara. Minti biyu bayan haka aka ce a saki. Ya buɗe hannu, igiyar ta sulale ta faɗa ruwa, aka janye ta.

Jirgin ya juya a tsakiyar mashiga, ya yi ham mai tsawo sau uku. Matan rawa ba su daina kiɗa ba, sai ma suka sauya zuwa waƙar sallama, suna kaɗa hannu. Wayar Nobori ta yi ƙara a aljihu.

"Tetsu! Kai ne mai hular ruwan ɗorawa, na biyu daga ƙarshe?"

"Ni ne. Kina ina?"

"Hawa na bakwai, ina kaɗa tawul ja. Kai, ka yi tumbi!"

Ya duba, ya duba, sai ga ɗan jan abu yana motsi can sama. Ya cire hula ya ɗaga.

"Na ga ka saki igiyar," in ji ta. "Da idona na gani. Shekara sha tara, ka kama ni a hannu ka sake."

"Nesan, ruwan ne..."

"Na san ruwan ne, sakarai. Tun jiya da rana nake amai. Kwanuka sun yi ta tarwatsewa a ɗakin cin abinci, an rufe wurin wanka, an ɗaure kujeru, wani tsoho ya faɗi a matakala ya fasa goshi. Ka yi daidai. Amma sai na rama."

Ya yi murmushi. Suka tsaya riƙe da waya, kowa na kallon ɗan'uwansa daga nesa, har jirgin ya kewaye dutsen bakin mashiga.

Da ya gaya wa Misao, ta tsaya riƙe da ludayi ta ce, "To kaji huɗu fa?" Sai ta sa dangi suka ɗauko tukwane a bayan ƙaramar motar ɗaukar kaya suka kawo tasha. A ƙarƙashin rumfar masu mazarƙwaila aka zuba shinkafa, aka jera kaza da ƙwai da gwanda, aka kwarara romo mai zafi. Matan rawa suka ci, direbobin safa da suka rasa fasinja suka ci, Ikari ya yi ƙari sau uku yana cewa Allah ya sa kullum jirgi ya fasa. Nobori ya ci kwano ɗaya, ya koma ya naɗe igiyoyi.

An sanar cewa jirgin zai fake kwana biyu a Kagoshima, tashar da jirgin fito ke tasowa, daga nan ya koma inda ya fito. Nobori ya ɗauka magana ta ƙare. Jirgin fito ma an dakatar da shi, madara da burodi suka ƙare a shagunan Naze kamar yadda aka saba. Rana ta huɗu teku ta kwanta, aka ce jirgin fito na farko zai iso da hantsi, a makare. Nobori ne a turken gaba. Ya ɗaure, ya ɗaga hannu, aka fara sauke akwatunan kabeji da madara. Yana cire safar hannu ya ji an ce, "Kai, mai tumbi! Zo ka karɓi jakar nan."

Tana tsaye a kan tsani da sanda, ƙarama fiye da yadda ya tuna ta, gashi fari fat. 'Yarta na bayanta da akwati biyu, fuskarta duk gajiya.

"Kawu, ka yi haƙuri," in ji 'yar. "A Kagoshima ta ce a sauke mata kayanta. Na yi magana, ma'aikatan jirgi sun yi magana, ta ce in ba za a sauke ta ba za ta sauka da kanta."

"Kin ce ba za ki iya kwanciya a ƙasa ba," in ji Nobori.

"Ban iya ba. A zaune na zo, ina zagin ka."

Ya karɓi jakar, ya miƙa mata hannun hagu. Ta riƙe, ta shafa gurbin yatsun da babban yatsanta, suka sauko a hankali.

Awa bakwai aka shirya mata, ta yi kwana ashirin da uku. 'Yar ta koma bayan mako ɗaya saboda aiki. Tokiko ta je kaburbura sau uku, ta ce an share amma ba a iya jera furanni ba. Ta nemo ƙawayenta biyu da suka rage cikin waɗanda aka kwasa zuwa masaƙa, suka yini suna hira da harshen tsibiri wanda jikokinsu ba sa ji. Ta yi faɗa da Misao a kan gishiri, suka shirya kafin la'asar. Da ta tashi tafiya Nobori ya ɗauki hutu ya raka ta har Amagasaki, karo na farko da ya ga jirgin ƙasa da idonsa.

Da bazara ya ajiye aiki. Akwai wata 'yar gona ta ubansu da ciyawa ta cinye, ya sassabe ta ya dasa lemo arba'in. Ikari kan zo ran Lahadi, wai taya shi aiki, ya zauna a inuwa yana ba da umarni. An ce sai shekara huɗu itatuwan za su fara 'ya'ya sosai, Nobori ya ce ba inda za shi.