Ƙasar Bayan Ɗakin Inna

Bayan gubar dalma ta kashe yara a Yargalma, hukuma ta turo ma'aikata su kankare ƙasar kowane gida, su zuba sabuwa. Na bar fataucin hatsi a Bukkuyum na dawo gida. Sun gama tsakar gidanmu, amma Inna ta tare bayan ɗakinta, inda aka binne cibiyoyinmu da na jikokinta da suka rasu.

Ta ce, "Sai dai ku kwashe har da ni."

Na ce, "Inna, 'yata da ta rage a nan take rarrafe, tana cin ƙasa."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta karɓi fartanya a hannun ɗaya daga cikin ma'aikatan.

"Baƙo ba ya tone min ɗiya," in ji ta. Ta duƙa ta fara tonon da kanta.