Tura Ta Kafin Ka Saya

In ka bi ta Nasarawa a Birnin Kebbi da sassafe, lokacin da masu koko ke sauke tukwane, za ka tarar da wani gajeren dattijo mai furfura yana shara a gaban garejinsa. Ba cikin garejin yake sharewa ba. Can ciki ko akuya ce ta shiga sai ta fito da baƙin mai a ƙafa. Wata 'yar hanya yake sharewa, wadda ta tashi daga gindin dogon yaro ta ƙare a bakin kwalbati. Yana tsince ƙusa da tsakuwa kamar mai tsintar shinkafa. In ya gama sai ya zauna kan tsohuwar kujerar mota, ya sha kokonsa da ƙosai, ya jira wanda Allah zai kawo.

Sunansa Cyril, amma bakin Kabawa ya daɗe da mayar da shi Sirilu, shi ma ya haƙura ya karɓa. Daga Kudu ya zo tun yana saurayi, da akwatin sifana a kai, wai damina ɗaya zai yi ya koma. Yau in ka rufe ido ka saurari Sakkwatancinsa, sai ka rantse a Zauro aka yanke masa cibiya. Bakaniken manyan motoci ne, dogayen nan masu kujerun fata da suka gama yayinsu a Turai, suka huta a Kwatano, sannan suka zo nan su ƙarasa tsufa a hannun talaka. Ƙarshen watan nan zai ajiye sifana ya bar wa ɗansa Ebubechukwu garejin, don bayansa ya ce ya gaji. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun yana iya ji da kunnensa.

Akwai wani ciwo da ke kama mu masu matsakaicin ƙarfi. Mutum ya tara ɗan abin da zai sayi ƙaramar mota mai lafiya, sai ya je wurin dillalai ya ga wata baƙa doguwa tana sheƙi, a ce masa ai kuɗinsu ɗaya. Daga nan hankali ya tafi hutu. Ba ya tuna man da za ta sha, ba ya tuna cewa fitilarta ɗaya in ta fashe sai an aika Legas. Kansa kawai yake gani a ciki, gilashi a ɗage, maƙwabta na leƙe. Kallon kitse muke yi wa rogo, kuma mun sani.

Irin waɗannan majinyata ake kai wa Sirilu. Zai duba inji, ya shiga ƙarƙashi, ya sunsuna mai, ya saurari giya, kamar kowane bakanike. Amma hukunci ba a nan yake ba. In ya gama sai ya ajiye motar a gindin dogon yaro, ya kashe ta, ya sa ta a firi, wato ba giya, ya dubi mai saye.

Mai shayin da ke gefen garejin ya ba ni labarin ranar da aka kawo Alhaji Kalilu, dillalin albasa, mutum mai tumbi da rawani.

"Alhaji, tuɓe babbar riga," in ji Sirilu.

"In yi mi?"

"Tura ta za ka yi. Daga icce har kwalbati."

"Ni? Oga, saye niz zo yi hwa, ba dako ba."

"Alhaji, dut mai tsohuwar mota shina tura ta wata rana. Gara ka san nauyin abin da kaka kaiwa gida tun yanzu, da sauran rana."

Alhaji ya tuɓe, ya dafa, ya yi nishi. Bai kai rabin hanya ba ya zauna a ƙasa, rawani ya gangara ya riga shi isa kwalbati. Da numfashi ya dawo masa sai ya ce a mayar wa dillali kayansa. A-kori-kura ya saya, ita ke kai masa albasa kasuwa har yau, kuma duk inda ya ga Sirilu sai ya sa masa albarka. Dillalan mota kam ba sa gaishe shi sai dole. Mai shayin ma ba banza ya dawo da teburinsa wurin ba: ya ce ranar da ake gwajin tura, biredi ba ya kai azahar.

Sirilu na Nasarawa, mai sa alhazai tuɓe riga! Kai ne ka gane cewa wa'azi ba ya shiga kunnen wanda mota ta shiga ransa, sai dai ya ji a ƙugunsa. Gidaje nawa ka tsare wa tukunya da wannan 'yar hanya taka, Allah kaɗai ya sani. Amma ba don wannan kawai na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne saboda ranar da ka karya dokarka da kanka.

Mijin yayata Balaraba, Malam Sunusi, malamin firamare ne da ya yi ritaya. Siriri ne, in iska ta taso sai an riƙe shi. Ni, Mujtaba, ƙanin matarsa ne, don haka ina da lasisin faɗin wannan. Ranar da aka ɗauko masa amarya daga gidanmu a Argungu, motar da ya yi haya ba ta zo ba, sai a bayan motar albasa aka kai yayata Birnin Kebbi, tana kuka biyu, na rabuwa da gida da na albasa. A ranar ya durƙusa gaban mahaifiyarmu, Inna Ummu Hani, ya ce in Allah ya yarda wata rana a motar manya zai dawo mata da 'yarta. Inna ba ta mantuwa. Duk Sallah in sun sauka daga babur, bayan gaisuwa sai ta ce, "Malam, ina mota?" Tun ana dariya har abin ya daina ba shi dariya. Inna ta tsufa, ido ya tafi, ƙafa ta tafi, tambayar ce kawai ba ta tafi ba.

Da kuɗin sallamarsa suka fito, sai ya ja ni muka je ya nuna mini wata baƙar mota, tsawonta kamar kwalekwale. Na ce mu je wurin Sirilu, ina murna a raina, don na san yadda za ta kaya.

Malam ya cire hula ya ba ni, ya gyara tabarau, ya yi bisimilla, ya dafa but ɗin bayan motar. Motar ko gezau. Ya juya ya sa baya. Takalmansa ne suka yi tafiya, ita tana nan. 'Yan kallo suka fara ba da shawara, wani ya ce a duba ko birki na ɗaure. Ba ya ɗaure.

"Malam, wagga ta hi ka," in ji Sirilu. "Akwai wata 'yar ƙarama wurin Musaddiq dillali, ko da hannu ɗaya kana tura ta."

Malam bai tashi daga inda ya zauna ba. Ya kira Sirilu gefe, ni ma na matsa don gulma, ya ba shi labarin motar albasa da tambayar Inna. Ya ce, "Oga, ba yawo nika so da ita ba. Tsohuwa ta kusa, ni kau ban cika ba. In kai Balaraba ƙohwar gidansu cikinta, da mutunci, ba da turi ba. Daga nan ko ta mutu na yahe mata."

Dariyar da na taho da ita ta maƙale. Sirilu ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da ba abin da ya taɓa.

"Argungu ɗai?"

"Argungu ɗai."

"To saye ta. Amma ranar tahiya ina biye da ku."

Ya riƙe motar a garejinsa har aka ga watan Sallah, yana canza wannan yana ɗaure wancan. Da zai miƙa makulli bai yi wa Malam daɗin baki ba. Ya ce, "Na yi abin da nika iyawa. Tsohuwa ta, ba ta alƙawari."

Washegarin Sallah da hantsi muka kama hanya. Malam a sitiyari, kansa da ƙyar ya leƙo. Ni a gefensa. Yaya Balaraba a baya ta hakimce cikin leshi, tana ta shafa kujera. Na'urar sanyi tana hura mana iska mai ɗumi, amma ba wanda ya yarda a sauke gilashi, don manya ba sa saukewa. Muka wuce Zauro, fadamar shinkafa shar, motar na tafiya kamar a kan katifa. A madubi ina hango Sirilu kan tsohon babur ɗinsa, akwatin sifana ɗaure a baya.

Mun shiga Argungu lafiya. Mun karya kwanar unguwarmu, har ina hango taron da ke ƙofar gida, don labari ya riga mu isa. Nan motar ta yi tari sau ɗaya, fitilun gaban direba suka kama gaba ɗaya kamar gidan biki, ta yi shiru. Malam ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Shekarun nan duka, a ce a nan za ta ƙare, a gaban surukai, a ɗaga bonet ana fifita?

Sai ga Sirilu a tagar direba. Malam ya ɗan sauke gilashi, Sirilu ya raɗa masa, "Kak ka hita. Sa ta hiri, riƙe sitiyari da ƙarhi, ɗayan hannu kana gaida jama'a. Mujtaba, hito."

Wasu masunta na dawowa daga gulbi da gora da homa, ƙarti majiya ƙarfi, ga 'yan kabu-kabu a inuwa. Sirilu ya tare babbansu, wani Tamba.

"Kun san yadda aka rakiyar motar ɗan siyasa? Hannu bisa mota, baki na kirari?"

"Mun sani."

"Shi za mu yi. Bambanci ɗaya: yau ku danna da gaske."

"Wa ac ciki?"

"Balaraba, ɗiyar Inna Ummu Hani."

"Ashe tamu ta!" Tamba ya ajiye gora.

'Yan kabu-kabu suka shiga gaba suna ta hon, yadda ko jirgi ne ya mutu ba mai ganewa. Masunta suka kewaye motar. Sirilu ya shiga tsakiya ya sa kafaɗa a but, dattijo mai ciwon baya, ni ina gefensa ina jin ƙashinsa na ƙara. Motar ta motsa. Jama'a suka ga rakiya suka shigo, mata suka ɗauki guɗa. Wani ya ɗaga murya, "Sai ka yi, Malam!" Malam Sunusi, wanda ko shugabancin kwamitin masallaci bai taɓa nema ba, yana ɗaga hannu ta gilashi yana murmushin wanda ke kokawa da sitiyari. A haka muka isa, ta tsaya daidai ƙofar zaure kamar da gangan.

Aka fito da Inna a riƙe. Ta ce a kai hannunta. Ta fara shafawa daga fitilar gaba, tana tafiya a hankali, tana shafawa, har ta ce, "Wai ba ta ƙarewa?" Da ta kai ƙarshe sai ta tsaya.

"Malam, ban ji kukan inji ba."

"Hakanan na manya suke, Inna."

Sai ta lalubo kansa ta dafa. "To, ka cika. Allah shi yi maka albarka." Malam ya cire tabarau yana goge ido, wai zufa ce. Ni ban ce zufa ba ce. Kuka na yi.

Da aka sauke abinci, kan giwan ruwan da aka tanadar wa suruki bai je wurin suruki ba. Yaya Balaraba ce ta ɗauko shi da kanta ta kai zaure, inda Sirilu ke kwance rigingine a tabarma, ya kasa ko juyawa.

"Oga Sirilu, sannu da aiki."

"Wane aiki, Hajiya? Rakiya ɗai niy yi."

"Na ga rakiya. Macen da tat tsuhwa bayan babur ta san abin hawa in ya mutu." Ta ajiye kwanon. "Amma kak ka gaya ma Malam na sani."

Kafin la'asar Malam ma ya ja ni gefe ya ce kada in kuskura yayata ta ji. Da zan rubuta wannan na nemi izinin kowannensu a ɓoye. Kowa ya ce in rubuta, amma kada in nuna wa ɗayan.

Inna ba ta ga wata Sallar ba. Ta tafi ba ta sake tambayar mota ba, kuma har yau ban sani ba ko ita ma ta gane ta yi shiru ne, don kunnenta bai taɓa tsufa ba. Motar tana nan ƙofar gidan Malam, tana tashi ran da ta ga dama, yana wanke ta kullum.

Oga Sirilu, kai ne ka kashe ƙuruciyarka kana hana mutane ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu, kuma da ka ga wanda dole ne ya ɗauka, ba ka ce masa ai na faɗa maka ba. Ka sa kafaɗarka. Na san wani yanki na ciwon bayan da ke sa ka ajiye aiki a ƙofar gidanmu ka samo shi. Mun gode, ni da yayata da mijinta, kowa a ɓoye. Allah ya ba ka lafiya, ya sa Ebubechukwu ya riƙe tsintsiyar nan yadda ka riƙe.

Mu kuwa sauran, bakanike da malami da ɗan kasuwa, ga abin koyi. Ka faɗa wa ɗan uwanka gaskiya tun a gindin dogon yaro, tun bai saya ba. In kuma ka tarar ta mutu masa gab da ƙofar gida, jama'a na kallo, ba lokacin tambaya ba ne. Sa kafaɗa, ka ɗaga murya kana yi masa kirari.