Gem ɗin Umaru a Kan Banda

Duk wanda ya taɓa sayen bandar kifi a Warra ya san Inna Mairo. In bai san sunanta ba, ya san muryarta, don ba a raina mata kifi a tafi lafiya. Mijinta ya rasu da wuri. Da hayaƙin banda ta raini ɗanta tilo, Umaru, har ya zama direban jirgin ruwa.

Umaru dai gemu ya fito masa bai bar wasan yara ba. Yana da wani ɗan gem na hannu mai ɗaukar hoto, kullum yana aljihunsa. Daminar bara jirginsa ya daki kututture a tsakiyar tafki. Ba a ga gawarsa ba, rigarsa kawai masunta suka tsamo, gem ɗin na ciki.

Inna Mairo ba ta da hotonsa ko ɗaya, kuma kamanninsa sun fara ɓace mata, abin da ya fi mutuwar ɗaga mata hankali ke nan. Abokansa suka ce ai hotuna na cikin katin gem ɗin. To ga shi ya sha ruwa, ita kuwa magani guda ta sani ga abin da aka ciro daga ruwa. Ta ɗora shi kan banda, ta rage wuta, tana juya shi yadda take juya tarwaɗa. Masu dariya sun yi, ni dai tausayi ta ba ni.

Da ya ƙi kamawa, ta ɗauko shi sai Yelwa, shagon Wakili mai gyaran waya. Wakili ya shinshina, ya dube ta.

"Inna, mi kika yi ma abin ga?"

"Shanya shi na yi, ɗana. Kar ka ce min ya mutu, don Allah."

Ya kwance gem ɗin, ya share shi har ya kama. Ramin katin ya narke ya cije katin, 'yan haƙoransa duk man kifi da baƙin hayaƙi. Da ƙyar ya zaro katin, ya gwada a waya, wayar ta nemi a goge duk abin da ke cikinsa tukuna. Ya cire da sauri. Saura hanya ɗaya, a sake wa gem ɗin rami. Ya ciro wani daga matacciyar waya, ya liƙa da dalma, bai zauna ba. Ya sake. Inna Mairo tana durƙushe a ƙasa, ta ƙi kujera, ta ƙi ruwa, sai salati take yi.

Bayan la'asar gem ɗin ya karanta katin. Ta miƙe ta matso kusa.

Hoton farko ita ce, tana alwala. Na biyu ita ce, tana gyangyaɗi a gindin mangwaro, baki buɗe. Ga ta tana wanki a bakin ruwa, ga ta ta nuna wani da yatsa. Wakili ya yi ta dannawa, har ya daina ɗaga kai.

"Shi fa? Ina shi?"

"Inna, shi ka ɗauka. Mai ɗauka ba ya fitowa."

"Ƙara dannawa."

"Sun ƙare, Inna."

Ta kama hannunsa da hannu biyu, tana kuka a fili, a tsakiyar kasuwa.

"Koma farko," ta ce. "Ka yi a hankali, ƙila mun wuce shi."