Kunnen Zomon Tsahara

Duk wanda ya san Tsahara ya san ba ta miƙa wa mutum abu tsirara. Kalmarta ke nan, tsirara. Ko ƙuli-ƙuli ɗaya tak za ta ba ka, sai ta nemo farar leda ta goge, ta kwantar da shi a ciki kamar jariri, sannan ta zaro kaba daga ƙugunta. Kabar nan da kanta take rinawa da karan dafi har ta yi ja zur. Ta ƙulle bakin ledar, ta bar sili biyu a tsaye cirko-cirko. Su ne mutanen Gangara suka sa wa suna kunnen zomo.

Taubashiyata ce, uwarta da ubana ciki ɗaya, saboda haka ni Habsu ina da ikon in faɗi abin da na ga dama a kanta, tana raye ko tana kwance. Ku da kuka san ta, in na ƙara gishiri ku tsayar da ni.

Ina zaune wata rana mijinta Malam Idi ya dawo daga gona, yunwa ta ci shi, ya kai hannu cikin kwandon ƙuli. Ta doke hannun.

"Malam, dakata in ƙulle maka."

"Tsahara, daga kwandon nan zuwa bakina tafiyar kwana nawa ce?"

"Ko taki ɗaya ne, ba ya barin hannuna tsirara."

Bawan Allah ya tsaya yana haɗiyar yawu har ta gama daidaita kunnuwa. Ya karɓa, ya kwance a gabanta, ya jefa a baki. Sai ta miƙa hannu. "Mayar mini da kabata. Ƙuli na ba ka, ban ce har da ita ba."

To, maganar gaskiya, wajen suyar ƙuli ban ga wadda ta kama ƙafata ba daga Gangara har Balbeji. Na san gyaɗar da za a soya da wadda za a bar wa awaki. Na san lokacin da tunkuza ta gama ba da mai tun daga ƙamshinta. Tsahara kuwa nata wani lokaci ya ƙone, wani lokaci gishiri ya yi yawa, don hankalinta na kan kaba. Amma ran kasuwa in mun zauna kusa da juna, ni na tula nawa a kwano, ita ta jera nata a faifai bakwai-bakwai, kafin azahar ta kaɗe faifanta, ni ina nan ina korar ƙuda.

"Asiri kike yi," na ce mata.

"Asirin yana ƙuguna, kin gan shi. Habsu, ido ne sarkin ƙofa. Sai ya yarda baki ke samu."

Na ce ƙarya ne, harshe ba ya ruɗuwa. Ta ce mu gwada. Kasuwa ta zagayo, ta ƙulla ƙulina a ledojinta, na tula nata a kwanona. Ga Agali, wani Buzu mai raƙuma daga wajen Tenhiya, wanda bai taɓa sayen na kowa ba sai nata. Ya sayi ƙulli biyar, ya kwance ɗaya a nan take, ya tauna, ya lumshe ido.

"Tsahara, yau kin wuce kanki."

Na ce masa, "Ɗanɗana nawa mana." Ya ɗauki ɗaya daga kwano, wato ainihin na Tsahara, ya gutsura, ya ɓata fuska a cikin rawani.

"Ki yi haƙuri, uwar gida. Ki riƙa zuwa wajen ƴar'uwarki tana koya miki."

Har yau ban san wadda ta ci gardamar nan ba. Ƙulina aka yaba, amma sunanta aka kira. Daga ranar muka haɗa hannu, ni suya, ita ƙulli. Wasu mata goma suka shigo, muka zama ƙungiya.

Ita ce ta samo mana kantar jera kaya a butik, wato shagon Alhaji Sule a Tanut, bakin hanyar Agadas, inda manyan motoci ke tsayawa. Kada ku raina kantar nan. Shekarar da hatsi bai yi ba, ita ce rumbunmu, gida goma sha biyu na cin tuwo daga gare ta. Da farko Alhaji a can ƙasa ya ajiye mu, kusa da sabulu. Tsahara ta shiga mota ta je dubawa, ni ina biye. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta duba hagu, ta duba dama.

"Alhaji, ina kayanmu?"

"Ga su can, Inna."

"Ina? Ban gani ba."

"Ki sunkuya mana."

"Alhaji, kai ka taɓa ganin direba ya durƙusa wa ƙuli? Sarki ne?" Ta ɗauko ƙulli ɗaya ta kai masa hanci. "Shinshina. Ƙuli ne ko wanki?"

Ya ce kantar tsakiya ta gwangwanin tumatir ce, ba ya taɓa ta. Ta ce to. Ta kwance ɗankwali ta shimfiɗa, ta yi zamanta a tsakiyar butik, duk wanda ya shigo ta ce masa, "Sannu da zuwa, ka iya sunkuyo?" Kafin la'asar Alhaji da hannunsa ya kwashe tumatir. Ta jera kayanmu daidai idon mai tsaye, kunnuwa duka na kallon ƙofa. Ta fita titi, ta tsallaka, ta hango ja daga can, sannan ta yarda muka tafi tasha.

Shekaru muna haka. Sai ga foroje, wato hukumar taimakon ƙungiyoyi, ta zo da wata Madam Zainabu, yarinya mai ladabi, ba ta zo da mugun nufi ba. Ta kawo inji mai liƙe bakin leda, da farar takarda da ake mannawa, etiket suke ce mata, da hoton gyaɗa da rubutun Faransanci. Ta ce haka ake yi a Yamai.

Tsahara ta juya takardar sama, ta juya ta ƙasa. "Ƴata, wannan ba maganin likita ba ne?"

"Sunan ƙungiyarku ne, Inna. Ga shi nan a rubuce."

"Wa zai karanta? Ni, ko Habsu, ko Agali?"

A nan ne zan faɗi laifina, tun da ba ta nan balle ta riga ni. Ni na tsaya kai da fata a karɓi takarda a bar kaba. Ba don na iya karanta ta ba, ban taɓa taka lakwal ba, wato makarantar boko. Haushi ne. Na gaji da in sha hayaƙi, in ƙona yatsu, a ce ƙulin Tsahara. Na ce takarda ba ta kiran sunan kowa. Mata suka bi bayana. Tsahara ba ta yi faɗa ba, ta naɗe kabarta ta soke a ƙugu, ta ce, "Allah ya ba da kasuwa," ta tafi gida.

Abin da ba mu sani ba, takarda iri ɗaya foroje ta raba wa matan Ollelewa da na Balbeji da na ko'ina, sunan ne kawai ya bambanta, shi ma ƙanana kamar ƙafar kiyashi. Kantar Alhaji ta cika da fararen ledoji kamar ɗakin magani. Direba ya leƙo daga ƙofa, bai ga ja ba, ya wuce. Wata ɗaya, wata biyu, kaya na zaune. Alhaji ya aiko cewa in aka yi Sallah haka, tumatir zai koma wurinsa.

Ana cikin haka, wata safiya sai ga kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya a ƙofar Malam Idi. Bukar ne, direban Agadas, wanda ya fi shekara ashirin yana cin mai kunnen zomo. Ya sauko da buhun sukari ƙarami da goro, ya cire takalmi, ya tsuguna gaban Malam.

"Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙan ta, ya sa ta huta."

"Amin. Wa?"

"Inna Tsahara. Na leƙa butik sau uku ban ga kunne ba. Na ce wa ƴan tasha, matar nan mutuwa ce kaɗai za ta hana ta ƙulli. Har fatiha mun yi mata."

Sai ga ta ta fito da muciya a hannu. Bukar ya ja da baya har ya taka takalminsa. Ita ko a jikinta. Ta jawo kujera ta zauna.

"Zauna, ɗana. Da aka yi fatihar, me aka ce a kaina? Faɗa mini duka, kada ka rage."

Ta sa shi ya maimaita yabon sau biyu. Da zai tafi ya kai hannu wajen sukari, ta dafe buhun. "Kayan gaisuwa ba ya komawa. Ka dai riga kowa, shi ke nan."

Gari ya yi ta dariya, ni ban yi ba. Saura kwana ashirin Sallah, kuma mata goma na kallona. Na ɗauki mayafi na tafi gidanta. Na same ta tana rina kaba, tukunya cike, kamar ta san ina tafe.

"Taubashiya, kin zo gaisuwar mutuwa ke ma? Ina sukarinki?"

"Na zo ki ƙulla mana."

"Ban ji ba, kunnen nan ya tsufa."

Na sake faɗa da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Na zaci za ta ce a jefar da injin Madam. Sai ta ɗauko leda ɗaya da injin ya liƙe, ta matsa. "Wannan ta fi tawa, iska ba ta shiga, ƙuli ba ya sanyi. Takardar ma a bar ta, ma'aikata na son abin karantawa. Amma takarda ta masu boko ce, kunne na kowa ne." Ta huda saman ledar da basilla, can bisa inda inji ya liƙe, ta zura kaba, ta ƙulla. Kunnuwa suka miƙe.

Kwana uku muna hudawa tana ƙullawa. Muka kai Tanut, ta jera, ta tsallaka titi ta duba kamar yadda ta saba. Ba mu bar garin ba sai da Bukar ya tsaya. Ya hango ja tun daga kan kamiyo, ya shigo yana dariya yana cewa ƙulin Inna ya tashi daga kabari. Sai ta kama hannuna ta ɗaga, ta nuna masa tabon mai a yatsuna, a gaban Alhaji da duk wanda ke butik.

"Bukar, dubi nan. Abin da kake ci shekara da shekaru, wannan hannun ne. Ni kaba ce tawa."

Shekara talatin ina jiran wannan magana, da ta zo kuma na rasa inda zan sa idona. Na ce mata ta sake ni, tana ɓata mini awarwaro. Tumatir dai bai koma kantar ba har yau.

Bara da kaka ciwo ya kwantar da ita. Na je dubiya, ta jawo ni kusa. Na ɗauka wasiyya ce mai nauyi.

"Habsu, ke za ki yi mini wanka. In an zo ɗaure likkafani, ki ɗaure da kyau. Kada ki tula ni kamar ƙulinki a kwano."

Na ce, "Ki mutu tukuna, mu gani."

Bayan kwana tara ta cika. Ni na yi mata wankan. Da na zo ɗaurin kai, yatsuna suka tafi za su bar sili biyu a tsaye, sai da na riƙe su. Can ba a shiga da ado. Na daidaita farin ƙyallen, na shafe duk wata tattara, na ɗaure shi tsaf yadda ba za ta sami abin faɗa ba.

Bukar ya zo ran uku. Wannan karon bai kawo sukari ba, ya ce tun wancan karon ta karɓi nasa. Ya tsaya a ƙofa ya tambaye ni a hankali, "Inna Habsu, da gaske ne?" Na ce da gaske ne.

Kabarta tana ƙuguna yanzu, ni ke ƙullawa. Kunne ɗaya kullum sai ya langaɓe, na yi na yi ya ƙi tsayawa, direbobi har sun saba.

Allah, baiwarka Tsahara ba ta taɓa miƙa wa bawanka abu a wulaƙance ba. Ka karɓe ta da mutunci, ka lulluɓe ta da rahamarka, ka yafe mata, ka yafe mini haushin da na yi da ita. In tawa ta zo, ka ajiye ni kusa da ita. Amin.