Rabin Buhun Gero a Bayan Keke

A bakin titin Maraɗi, kusa da shingen iyaka na Jibiya, wani dattijo yana zagaya kekuna masu caji da aka jera a gaban wani shago. Rigarsa ta koɗe a kafaɗa, ƙafar wandonsa ta dama a naɗe take, irin ta wanda ya tsufa a kan keke. Ba ya tambayar gudu. Kujerar baya kawai yake ta dannawa da tafin hannu.

Ya zaɓi ɗaya, ya aro rabin buhun gero wurin maƙwabcin shagon, ya ɗora a baya bai ɗaure ba. Ya hau, ya bi ta ramukan da manyan motoci suka bari, a hankali, yana waiwaye.

Da ya dawo, mai shagon ya ce, "Baba, dako za ka fara?"

"Mai ɗakina zan riƙa kaiwa asibiti daga Farfaru. Gwiwata ta gaza taka keke, shi kuma mashin jijjiga ta yake yi." Ya shafa buhun. "Ka ga bai motsa ba, alhamdu lillahi. Ita yanzu ko nauyin wanga ba ta kai ba."